Ko Kun Sani? Toka Na Shaƙe Murhu

A Turai da Amurka akwai murhun ɗumama ɗaki mai cin dunƙulallen garin katako, wanda ƙaramar fanka ke hura wa iska. In ƙura ta toshe kafofin fankar, sai wuta ta lafa, hayaƙi ya turnuƙe.

Haka murhun gawayi yake a Tambuwal da Kebbe, musamman da hunturu. In toka ta cike ramukan ƙasansa, garwashi ba ya samun isasshiyar iska, sai ya ƙara fitar da gubar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, tana kuma kisa a rufaffen ɗaki.

Kafin a sake hura wuta, a bari murhu ya huce, a zazzage tokar, a tsokale ramukan da tsinke.