Tiyon Man Giya: Jawabi Ga Masu Motoci A Ƙasar Bodinga Da Shagari

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar nan da ta fito daga Sakkwato, ta ratsa Bodinga da Shagari, ta nufi Tambuwal da Jega, ya san yadda motoci ke wahala a kanta da bazara. A watan Afrilu zafin rana a wannan ƙasa yakan wuce digiri 40, ga kaya an labta, ga tafiya mai nisa. Galibi in mota ta tsaya sai a ce inji ne ya yi zafi. Amma sau da yawa laifin yana ga akwatin giya, da wani ɗan tiyo wanda kaurinsa bai wuce na yatsa ba. Mun ga ya kamata mu yi wa malaman makaranta da akawuna bayaninsa, gama mutum yakan shekara da shekaru yana tari kafin ya mallaki mota.

ASALIN MATSALAR

A da, motocin da suka fi yawa a hanyoyinmu masu giyar hannu ne, kamar Peugeot 504 wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe ma'aikatar a 1975. Irin wannan giya ba ta bukatar a sanyaya manta. Yanzu kuwa motocin da ake kawowa daga Turai da Amurka, bayan an mora su a can, da yawansu masu canja giya da kansu ne. Kamfanin General Motors na Amurka shi ya fara yaɗa wannan fasaha, a motocin Oldsmobile na 1940.

A irin wannan mota, mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya, don haka kullum cikin guguwa yake, yana ɗaukar zafi. Abin da ya fi dacewa da shi shi ne digiri 80 zuwa 90. In ya zarce haka ƙwarai ya daɗe, sai jan launinsa ya koma baƙi, ya yi ƙauri, faifan da ke cikin akwatin su soma sulɓi. Saboda haka masu ƙera mota suka sa bututu biyu: ɗaya ya kai man cikin wani ɗan ɗaki a jikin lagireto ya huce, ɗaya ya komo da shi.

Wannan shiri ya isa ga motar da ke ɗaukar iyali a ƙasar sanyi. Amma motar da aka ƙara wa kujeru da ƙarfen ɗaukar kaya, tana jigilar buhunan albasa da gero daga kasuwa zuwa kasuwa, ta fi ƙarfinsa. Shi ya sa kanikawa ke ƙara wani ƙaramin lagireto na mai a gaban babban. To, a wajen haɗa shi ne ake yin ɓarna, domin waɗansu sukan yanko tiyon ruwa ko na fetur su ɗaure da waya. Man giya mai zafi yakan kumbura irin wannan roba har ta fashe, ko ta zame daga bakinta. Cikin 'yan mintoci man ya tsiyaye, giya ta ƙone. In kuwa ya fesu a kan salansa, wuta na iya tashi, alhali mota cike take da mutane. Araha ba ta ado.

TIYO MAI SAƘA

Maganin wannan shi ne tiyon da aka yi domin aikin. Cikinsa roba ce mai jure mai, ko kuwa wani abu da ake kira Teflon, wanda Roy Plunkett ya gano a Amurka a 1938. Bayansa kuma an lulluɓe shi da saƙar siririyar waya ta ƙarfen da ba ya tsatsa, kamar yadda ake kitsa igiya. Saƙar ita ke hana shi kumbura, ta kuma kare shi daga tsakuwar hanya. Bakunansa masu noti ne, ba a ɗaure su da waya. Asalin irinsu daga jiragen saman sojan Amurka ne a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda ake kira lamba 6 shi ne mai faɗin kashi 3 cikin 8 na inci, shi ne kuwa ya dace da yawancin motoci. Leɓen waɗannan bakuna karkatarsa digiri 37 ce, akwai kuma waɗansu masu kama da su masu digiri 45. In aka haɗa wannan da wancan, kome ɗaurin da aka yi da sifana sai ya yi yoyo.

YADDA AKE SA SHI

Da fari bakanike zai gane wane bututu ne ke fitar da mai, wane ne ke komo da shi. Ƙaramin lagireton a kan hanyar komowa ake sa shi, watau mai ya fara bi ta babban, sa'an nan ya shiga ƙaramin, kana ya koma giya. Wajen yanka tiyo, sai a naɗe wurin da tef don kada saƙar ta warware, a yanka daidai, a wanke cikinsa sarai, gama ɗan guntun waya guda in ya shiga akwatin giya ya isa ya toshe hanyar mai.

Sa'an nan a lura da inda aka bi da shi. A nisanta shi da salansa da fanka da bel. Kada a ja shi ya yi tsam, domin inji yana motsi a mazauninsa, kada kuma a lanƙwasa shi har ya shaƙe. Abin da aka fi mantawa shi ne saƙar nan kamar magagari take: in ta jingina da wayar lantarki ko bututun birki, girgizar hanya za ta sa ta cinye su sannu a hankali. Lalle a kafe tiyon da maɗauri mai roba a wurare da dama. In an gama, a ƙara mai irin wanda masu motar suka ambata, a tad da inji ya yi ɗumi, a auna, a duba kowane baki ko yana naso.

Har wa yau kada mai mota ya saki jiki don ya ga waya tana ƙyalli. Robar da ke ciki takan tsufa ba a gani ba, ƙurar hunturu kuma takan toshe ƙaramin lagireton, sai an riƙa wanke shi. Shawararmu ita ce, kafin bazara ta kama, kowa ya kai motarsa gareji, ya tsaya da kansa a nuna masa tiyon da aka sa. In ya zaro ma'aunin mai ya ga ya yi baƙi, ko ya yi fari-fari alamar ruwan lagireto ya shiga, kada ya ɗauki hanya sai an gyara. Allah ya kiyaye mu, ya kai kowa gida lafiya, amin.