Gwajin Famfon Zuciya a Jikin Dabbobi

Famfon zuciya na'ura ce da ake sanya wa majinyacin da zuciyarsa ta raunana, domin ta riƙa tura jini har a samu zuciyar da za a dasa masa. Kafin a amince da na'urar, masu bincike kan gwada ta a jikin maruƙa da tumaki, saboda girman ƙirjinsu ya yi kusa da na mutum, inda suke lura da daskarewar jini da fashewar jajayen ƙwayoyinsa. A jikin maruƙa aka gwada zuciyar roba ta Jarvik-7 a Jami'ar Utah da ke Amurka, kafin a sanya wa mutum a 1982. Sai dai maraƙi yana saurin girma har ya fi ƙarfin famfon, shi ya sa gwaji mai tsawo ya fi dacewa da tumaki.