Baƙin mai a injin babbar mota: yadda ake dubawa da yadda ake lissafi

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon ga waɗanda ba su samu damar sauraro ba.

Yau da direbobin tirela da yaran mota nake magana, musamman matasa 'yan uwana da aka damƙa wa DAF ko Mack ko Howo ta miliyoyin naira. Sau da yawa abin da ke raba yaro da maigidansa ba hatsari ba ne, injin ne ya buga, kuma in aka bi diddigi sai a tarar baƙin mai ne sila.

Injin babbar mota yakan ɗauki lita 30 zuwa 40 na baƙin mai. Aikin man shi ne ya hana ƙarfe cin ƙarfe, ya rage zafi, ya kwashe dattin ƙuna. Kuma kowane injin yana shan mai kaɗan, ko sabo ne dal. Don haka tambayar ita ce: nawa yake sha?

Mu fara da dubawa. Da safe ne ya fi, kafin ka tayar da mota. In kuwa a hanya kake, ka ce ka tsaya a Tafa ko Mararrabar Jos, kashe injin ka ba shi minti 10 zuwa 15, man da ya hau sama ya gangaro. Motar ta tsaya a wuri mai daidai, don a gangare geji ƙarya zai yi maka. Zaro sandar gejin, goge da tsumma mai tsabta, mayar har ƙarshe, sannan ka sake zarowa. Mai ya kasance tsakanin zanen ƙasa da na sama.

Wasu suna cikawa har ya wuce zanen sama, wai don a samu natsuwa. Kada ka yi. In mai ya yi yawa, karanshaf yana kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe ƙarfe, ga shi yana tura mai ta bakin sil.

To, lissafin fa? A nan nake so mu daɗe. Kada ka auna da kwanaki, ka auna da gas ɗin da mota ta ƙona. Ma'aunin da aka saba bi shi ne, man da injin ya sha kada ya wuce rabin lita a kowace lita 100 ta gas. Misali, Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. A ce ka ƙona gas lita 400 da kaya. In ka ƙara baƙin mai lita ɗaya, lafiya lau. In ya kai biyu, ka zo iyaka. In galan guda kake zubawa kowace tafiya, akwai magana, ka gane ko?

Shi ya sa nake roƙon ku da littafi ɗan ƙarami. Rana, kilomita, gas nawa, baƙin mai nawa aka ƙara. Littafin nan zai nuna maka ranar da shan mai ya fara ƙaruwa, tun gyara bai yi tsada ba. Kuma ranar da maigida ya ce sayar da mai kake yi, shi ne shaidarka.

In mai yana raguwa, ko dai zuba yake ko ƙonewa. Zuba za ka gan ta a ƙasa inda mota ta kwana. Ƙonewa kuwa shuɗin hayaƙi ne a salansa, yawanci ringi sun cinye ko tobo na sakin mai. Ƙurar hunturu na da hannu a nan: in filtar iska ta yage, ƙura ta shiga ta ci ringi kamar da yashi ake gogawa. Matsalar tobo kuma kada a yi wasa da ita, don injin gas yana iya ƙona baƙin mansa ya dinga gudu shi kaɗai, ko ka kashe makulli.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mai ya ƙaru ba ka ƙara ba. Wani sai ya yi murna. In ya tsinke yana warin gas, nozul ko famfon gas ne ke zuba a ciki. In ya koma kalar shayi da madara, ruwan lagireto ne ya shiga. Duka biyun, wajen makaniki kai tsaye. Amma baƙi kawai ba laifi ba ne, man injin gas yakan yi baƙi jim kaɗan bayan juye.

Abu biyu na ƙarshe. Jan fitilar mai a gaban direba ba geji ba ce. In ta kama, ƙarfin tura mai ya riga ya faɗi, sai ka faka ka kashe nan take, ba sai ka kai gari na gaba ba. Sannan wajen ƙari, ka nemi irin wanda ke ciki, galibi 15W-40 na injin gas, a rufaffen galan. Man kwalba na bakin titi, ba ka san ko tsohon juye aka tace ba. Araha ba ta ado.

Direbobi da makanikai, ku faɗa mana a ƙasa: motarku lita nawa take sha a tafiya ɗaya? Ku tura wa wanda kuka san yana bin mota. Allah Ya tsare hanya, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa in sha Allahu.