Furen da ba fure ɗaya ba: leƙe cikin tansin dazukan Turai

A watan Yuni, a gangaren duwatsun Jura na kudancin Jamus, daidai inda dajin bishiyoyin ok ke ƙarewa fili ya soma, akwai wani tsiro da ke kai wa mutum ƙugu, wani lokacin ma ya ɗara mita guda. Karansa siriri ne a miƙe, ba ya fitar da rassa sai can sama. Ganyensa a rarrabe yake gida-gida, kowane gida da 'yan haƙora a gefe. A ƙolinsa kuwa fararen furanni ne masu ɗigon rawaya a tsakiya. Masana tsirrai na kiransa Tanacetum corymbosum, mu kuma a nan za mu kira shi tansi. Ba ya fitowa a ƙasar Hausa, amma danginsa na cikin tukunyarmu, wani ma na cikin ɗakin kwananmu, kamar yadda za mu gani.

Da za a ce wa yaro ya ƙirga furannin da ke kan kara ɗaya, zai ce goma, ko sha biyar. Ya yi kuskure da ɗaruruwa. Abin da ido ke ɗauka fure ɗaya, mai faɗin santimita 3 zuwa 4, taron furanni ne da suka cunkusu a kan ɗan dandamali guda. A tsaga shi biyu da reza, a sa gilashin ƙara girma, sai a ga rawayan tsakiyar nan ashe 'yan bututu ne tsaye kafaɗa da kafaɗa, kowanne da bakinsa mai tsaga biyar, kowanne da ɓangaren namiji da na mace, kowanne kuma zai iya ba da ƙwayar iri tasa. Fararen da ke kewaye, waɗanda muke zaton ganyen fure ne, su ma furanni ne masu zaman kansu, sai dai mata ne zalla, kuma sun miƙar da jikinsu ya zama dogon harshe don a hango su daga nesa. A ƙarƙashi akwai 'yan ɓawo kore masu busasshen gefe da suka rungume taron duka. Wannan gini shi ne tambarin dangin Asteraceae, masu nau'i sama da 23,000 a duniya, ciki har da latas da shuwaka da tazargade.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ɗan bututu ɗaya ke tafiyar da harkarsa. Sassan namiji guda biyar sun manne da juna sun zama zobe, kuma cikin zoben suke zubar da garin fure, ba waje ba. Sai sandar mace ta taso daga ƙasa ta bi ta tsakiya, bakinta a rufe, ta turo garin zuwa sama inda ƙwaro zai taka. Sai bayan an kwashe garin sannan bakin nata ya rabu biyu, ya buɗe fuskar da ke karɓar garin wani furen. Wato kowane fure namiji ne da farko, mace daga baya, abin da ke rage yiwuwar ya yi wa kansa barbara. Ba kuma lokaci ɗaya suke buɗewa ba. Na bakin da'ira ne ke farawa, ana tafiya zobe-zobe zuwa tsakiya, ta yadda kai guda zai yi kwanaki yana da abin bai wa baƙo.

Tansin nan bai tsaya a nan ba, ya sake maimaita dabarar a hawa na biyu. Rassan da ke ɗauke da kawunan ba wuri ɗaya suke fitowa a jikin kara ba: wani ƙasa, wani sama. Amma na ƙasan ya fi tsawo, na saman ya fi gajarta, sai duk kawunan su ƙare kusan a layi ɗaya, a baje kamar faifai. Amfanin a fili yake. Ƙwaro mai shawagi yana hango farin fili ɗaya babba maimakon ɗigo-ɗigo, idan ya sauka kuma sai ya yi ta tattaki daga kai zuwa kai ba tare da ya ɓata ƙarfi wajen tashi ba. Tun da bututun gajeru ne, ba sai mai dogon baki ba: ƙudaje, da ƙananan ƙwari masu ɓawo, da ƙudan zuma na daji, da malam-buɗe-littafi, kowa na samun rabonsa na ruwan zaƙi. Tsiro ne da bai jingina rayuwarsa ga baƙo ɗaya ba, kuma a ganina wannan rashin zaɓe na daga cikin dalilan da suka sa danginsa suka cika duniya.

Furen na kaiwa har watan Agusta. Irin da ke biyo baya ƙanana ne, 'yan milimita kaɗan, masu tudu-tudu a jiki. Da yawa daga danginsa, irin su latas da shuwaka, suna ɗora wa irinsu farin gashi don iska ta kwashe shi. Shi nasa ɗan kambi ne kawai a ka, ba gashi, don haka ba ya nisa da uwa. Idan hunturu ya shigo, duk abin da ke sama sai ya bushe, rai ya koma gindi, a ɗan guntun tushe da ke daidai fuskar ƙasa. Daga nan zai sake tohowa shekara bayan shekara.

Masana sun daɗe suna yawo da shi daga wannan rukunin tsirrai zuwa wancan. Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin, ya sanya shi cikin Chrysanthemum a littafinsa Species Plantarum na 1753. Daga baya aka mayar da shi Pyrethrum. A 1844 wani likita Bajamushe mai suna Carl Heinrich Schultz, wanda ya duƙufa kan wannan dangi, ya kai shi Tanacetum, gidan da yake har yau tare da nau'o'i kusan 160.

A wannan gida kuwa shi ne marar suna. Ɗan'uwansa Tanacetum vulgare yana da ƙamshi mai hawa kai, Turawan da sun sha shi don kashe tsutsar ciki, ko da yake akwai guba a cikinsa. Tanacetum parthenium ya yi suna wajen masu fama da ciwon ɓarin kai. Gagarabadan shi ne Tanacetum cinerariifolium, ɗan asalin gaɓar Dalmatiya a Kuroshiya, wanda ake nomawa a Kenya da Tanzaniya da Ruwanda da tsibirin Tasmaniya don a tatsi maganin ƙwari daga busassun furanninsa. Galibin sinadaran da ake jiƙa gidan sauro da su a yau, da na maganin sauro mai hayaƙi, a masana'anta ake haɗa su, amma tsarin wancan sinadari na fure aka kwaikwaya. Namu tansin fa? Ko ka murje ganyensa da ƙyar za ka ji wani ƙamshi. Babu gonarsa, babu kamfanin da ke nemansa, in ban da 'yan masu lambu da ke shuka shi don ado.

To me ya sa masana ke farin cikin ganinsa? Saboda mai ba da labari ne. Daga Sifen zuwa Faransa da Italiya da ƙasashen Balkan, har Turkiyya da Kaukasus da kudancin Rasha, da duwatsun arewacin Afirka, kusan wuri iri ɗaya yake so: ƙasa mai ɗumi, mai saurin tsanewa, galibi a kan dutsen farar ƙasa, ba taki da yawa, da inuwa rabi rana rabi. Wanda ya gan shi ya san irin ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ba tare da ya haƙa ba. Shi ya sa yake da yawa a kudanci da tsakiyar Jamus, amma da wuya a same shi a shimfiɗaɗɗiyar arewa mai yashi.

Irin wannan wuri kuma ba duka Allah ne ya bar shi haka kara zube ba, akwai hannun mutum. Shekaru aru-aru ƙauyawan Turai suna sare ƙananan itatuwa don girki da gawayi, su bar kututture ya sake toho, suna kuma kiwo a cikin daji, sai haske ya riƙa kaiwa ƙasa. Da kwal da man fetur suka maye gurbin itace, aka daina. Daji ya rufe, inuwa ta yi kauri, takin zamani daga gonakin maƙwabta kuma ya ba dogayen ciyayi ƙarfin danne tsirrai masu son haske. Tsiron da irinsa ba ya tashi sama ba shi da saurin ƙaura zuwa wani wuri. Abin mamaki, a wasu gandun da ake karewa a Turai yanzu sai an koma saran itace irin na da kafin furannin gefen daji su dawo. Masu ganin kare daji na nufin a kulle shi a hana kowa taɓawa, ya kamata su dubi wannan.

Mai karatu ba sai ya nemi bizar Jamus ba kafin ya ga wannan gini da idonsa. Idan rani ya yi shuwakar bayan gida ta yi fure, ko latas ya tsufa a fadama ya fitar da kai, a tsinko guda a tsaga da reza, a ba yara su ƙirga abin da ke ciki.