Taswirar Jijiyoyin Jini Kafin Dashen Fata

Duk manomin rani ya san ba a dasa tsiro sai da saiwarsa. Haka abin yake ga likitan fiɗa idan zai cike gurbin da ciwo ya cinye a jikin mutum. Misali mafi kusa da mu shi ne zaizayar baki, cutar da ke cin kumatu da leɓɓan yara masu tamowa. Likitoci na kiran ta "noma", kalma ce daga Girkanci, ba ruwanta da aikin gona. An buɗe asibitinta a Sakkwato a 1999.

Domin toshe irin wannan rami, akan yanko fata haɗe da naman da ke ƙarƙashinta daga ƙirji, ko hannu, ko cinya. Saiwar wannan yanki ita ce jijiyar da ke kai masa jini. A lura, Bahaushe na kiran hanyar jini da agara da silin da ke kai saƙon ji duk "jijiya". Ta farkon muke nufi. Idan wuƙa ta kuskure mata, dashen zai yi baƙi ya mutu. Ga shi kuwa waɗannan jijiyoyi sirara ne, wasu ba su kai kaurin milimita 1 ba, kuma mazauninsu ya bambanta daga mutum zuwa mutum.

Saboda haka ake neman su tun kafin yanka, da irin na'urar da ake yi wa masu ciki hoto. Takan aika sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, wanda kunne ba ya ji, ta saurari amsa-kuwwarsa. Wanda ya taɓa tsayawa bakin hanyar Kano zuwa Daura a Kazaure ya ji yadda ƙarar babur ke tsini idan ya tunkaro, ta yi kauri idan ya wuce. Christian Doppler ya bayyana dalilin haka a 1842. Jini mai gudu ma haka yake sauya sautin, sai na'urar ta nuna mai tunkaro ta da ja, mai nisantar ta da shuɗi. Likita ya ɗiga alama a kan fata, ya tsara yankansa a kewayenta.

Akwai ƙaramar na'ura ta hannu mai araha, sai dai ita ji kawai take yi, ba ta nuna zurfi, don haka takan ruɗi likita.

Malamin da aka tura ƙauyukan Roni, ko Gwiwa, ko Ɓaɓura shi ke ganin bakin yara kullum. Dasashi mai jini, da warin baki, da kumburin kumatu sun isa a garzaya asibiti, domin a wannan mataki magani na tsayar da cutar ba tare da fiɗa ba.