Ɗinkin fiɗa ba da zare ba: me ya sa ake jefar da kayansa?

Da yawa daga cikinmu sun taɓa zuwa gaida wanda aka yi ma fiɗa a asibiti. Wani lokaci, in an buɗe bandeji, maimakon zare sai mu ga ƴan ƙarafa jere bisa fata. Waɗansu sukan tsorata, su yi zaton mantuwa aka yi. Ba mantuwa ba ce. Ɗinki ne da ake yi da na'ura mai kama da abin maƙale takardu da muke gani a ma'aikatu. A yau za mu duba yadda aka ƙera ta, da dalilin da ya sa ba a maimaita aiki da wani sashenta.

Daga ina ta fito?

A shekarar 1908, a birnin Budafes na ƙasar Hangari, wani likitan fiɗa mai suna Hümér Hültl ya haɗa kai da wani maƙerin kayan asibiti, Victor Fischer, suka ƙera ta farko. Nauyinta ya fi kilo 3 da rabi, kuma sai an yi awa biyu ana jera mata ƙusoshi da hannu kafin ta yi aiki. A 1934 wani likita a Jamus ya fito da dabarar zuba ƙusoshin cikin kwanso wanda ake cirewa a sa wani. Bayan yaƙin duniya na biyu, masana a Mosko suka inganta na'urar ƙwarai. A 1958 likita Mark Ravitch na Amurka ya ziyarci Tarayyar Sobiyet, ya ga aikinta, ya sayo guda ya kai gida. A 1967 aka fara saida ta a Amurka tare da kwanso wanda aka cika tun daga masana'anta, a yi aiki da shi sau ɗaya a jefar.

Yaya take aiki?

Wadda ake aiki da ita cikin ciki tana da mariƙi da baki mai muƙamuƙi biyu. A muƙamuƙi ɗaya kwanson yake, cike da ƴan ƙusoshi masu ƙafa biyu. Ɗayan kuwa ƙarfe ne mai ƙananan ramuka, aikinsa irin na uwar maƙera. Likita yakan sa hanji ko tumbi tsakaninsu, ya matse, ya ɗan jira. In ya danna mariƙi, ƙusoshin su huda naman, ƙafafunsu su tarar da ramukan, su lanƙwashe. A waɗansu na'urorin akwai aska a tsakiya, tana yanka yayin da ake ɗinke gefen dama da na hagu. Akwai kuma mai baki kamar zobe, wadda ke haɗa bakin hanji biyu bayan an cire wurin da ya lalace.

Kowace ƙusa, in ta lanƙwashe daidai, siffar harafin B take ɗauka. Wannan da gangan ne. Siffar tana riƙe nama sosai, amma tana barin hanya ga ƙananan jijiyoyin jini, don kada bakin ɗinkin ya mutu. Ana kuma jera ƙusoshin layi biyu ko uku a sarƙe, kamar yadda magini ke aza tubali, don kada abin da ke cikin hanji ya sami kafar zuba.

Naman jiki ba kaurinsa ɗaya ba. Saboda haka kwanso launi-launi ne. A yawancin lokaci fari na jijiyar jini ne, shuɗi na nama matsakaici, kore na mai kauri. In ƙusa ta yi tsawo, jini zai zuba. In ta yi gajarta, ba za ta rufe ba. Ƙusoshin ciki da ƙarfen titaniyom ake yin yawancinsu. Ba ya tsatsa, kuma a jiki suke zama har abada.

Me ya sa ake jefarwa?

Mun saba da tattali, ba mu son jefar da abin da aka saya da tsada. Amma a nan akwai dalili. Na farko, kwanso yana da lunguna ƙanana inda jini da nama ke maƙalewa, wanki ba ya isa can. Ciwon hanta da sida suna iya bi ta wannan hanya daga wani zuwa wani. Na biyu, yawancinsa roba ce, zafin tukunyar dafa kayan fiɗa yana iya tanƙwara ta. Na uku, aska tana dakushewa. Ƙusa ɗaya in ta karkace, hanji yana iya yoyo cikin ciki, wannan kuwa yana kisa. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce daga farkon 2011 zuwa Maris 2018 ta karɓi rahoto fiye da 41.000 na matsalar waɗannan na'urori, cikinsu har da mutuwar mutum 366. A 2021 ta tsananta dokar sa musu ido.

Kayan suna da tsada, shi ya sa a asibitoci da yawa allura da zare ne abin aiki. Kada wanda aka ɗinke da zare ya ga an rage shi. A hannun gwani, zare yana warkarwa lafiya lau. Babban amfanin na'ura shi ne sauri.

Abin da ya kamata mu kiyaye

Ƙusoshin fata su ne ake cirewa, yawanci tsakanin mako ɗaya da biyu, gwargwadon wurin. Akwai ɗan abin cirewa na musamman wanda ke buɗe ƙusa ba tare da yage fata ba. Kada mu taɓa su da reza ko awartaki, kada mu kai ga wanzami. Mu bar wurin da tsabta, a bushe, ba toka, ba mai, ba garin magani. In muka ga kumburi, ko ruwa mai wari, ko zazzaɓi, ko ɗinkin ya buɗe, mu koma asibiti ran nan. In kuma ba kome, mu riƙe ranar da likita ya ba mu, mu koma a cire.