Yadda ƙidayar duwatsu a wani kogo ta girgiza labarin aman wutar Toba

Kimanin shekara 74,000 da suka wuce, dutsen Toba da ke tsibirin Sumatra a Indonesiya ya yi aman wuta mafi girma cikin shekaru miliyan biyu na baya-bayan nan. A 1998, masanin nan Stanley Ambrose ya kawo ra'ayin cewa sanyin da ya biyo baya ya kusa ƙarar da 'yan Adam. Wata hujja mai ƙarfi da ta ƙalubalanci wannan ra'ayi ta fito daga gaɓar tekun Afirka ta Kudu, kusan kilomita 9,000 daga dutsen.

A Pinnacle Point, kusa da garin Mossel Bay, tawagar Curtis Marean na Jami'ar Jihar Arizona ta daɗe tana haƙa ta wata hanya mai cin lokaci. Duk abin da aka tono, ko ɓarin dutsen da aka sassaƙa ne, ko ƙashi, ko ƙwarya ta dabbar teku, ba a ɗaga shi sai an auna mazauninsa da na'urar awon ƙasa irin ta masu safiyo. Na'urar tana ba da tsawo da faɗi da zurfi, kwamfuta ta adana, sannan a manna wa abin lambarsa. A da, mai haƙa yakan tara abin da ya samu a murabba'in mita guda na shimfiɗa ɗaya cikin jaka ɗaya, ainihin mazaunin kowane abu ya salwanta.

Amfanin wannan wahala shi ne ana iya lissafa yawan kayan da ke cikin kowane kubik mita na ƙasa, shimfiɗa bayan shimfiɗa. Da Eugene Smith na Jami'ar Nevada da abokan aikinsa suka gano ƙananan ɓurɓushin gilashin tokar Toba a cikin ƙasar wurin, waɗanda ido ba ya gani, sai aka san daidai inda aman wutar ya faɗo a jerin. Sakamakon da mujallar Nature ta buga a 2018 ya nuna mutane ba su bar wurin ba. Kayan aikinsu ma ƙaruwa suka yi bayan tokar.

Sai dai yawan kaya ba lallai yana nufin yawan jama'a ba. Idan ƙasa ta riƙa taruwa a hankali, kayan shekara ɗari za su cunkushe a siririyar shimfiɗa, su yi kama da cikowar mutane. Iska da ruwa da tattakin ƙafa su ma suna motsa abubuwa. Shi ya sa ake haɗa lissafin da gwajin shekarun yashin da kansa. Kuma bakin teku, inda abinci ba ya yankewa, yana iya zama mafaka ce kawai, wadda ba ta faɗin halin da mazauna cikin nahiyar suka shiga.